Wace na'ura ce ta dace da naɗar kiran waya a kwamfuta?

Abu_Hafsat:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Aikina ya ƙunshi yin hira da mutane ta waya, wani lokaci hirar takan kai awa guda, daga baya in zauna in rubuta abin da suka faɗa kalma bayan kalma. Abin da nake yi zuwa yanzu shi ne in buɗe lasifikar wayar in ajiye ta kusa da makirufon kwamfuta, amma sakamakon ba ya gamsar da ni, domin muryata takan fito da ƙarfi, ta wanda nake hira da shi kuwa ta fito can ƙasa, ga ƙarar fanka da motsin ɗaki duk sun shiga ciki. Ina da tarho na girke a kan teburina na ofis, ina kuma da wayar hannu. Shin akwai na'urar da zan haɗa tsakanin waya da kwamfuta, sautin ya shiga kai tsaye ba tare da ya bi ta iska ba? Waɗanda suka taɓa gwadawa su taimaka min da abin da suka gani.

Injiniya_Sauti:
Wa alaikumus salam, Malam Abu_Hafsat. Kafin a ambaci sunan kowace na'ura, ya kamata a fara tantance inda za a tsinci sautin, domin wurare uku ne, kuma kowanne da irin na'urarsa. Na farko shi ne layin da ya fito daga bango ya shiga tarho. Na biyu shi ne murɗaɗɗiyar igiyar nan da ta haɗa jikin tarho da kan da ake ɗagawa a kara a kunne. Na uku shi ne kunnenka kansa, inda sautin ya riga ya fito. Abin da nake roƙon kowa ya kiyaye shi ne kada ya kuskura ya yanke igiyar layi ya jona ta kai tsaye a kafar makirufo ta kwamfuta. Layin tarho na gargajiya yana ɗauke da lantarki kimanin bolt 48 ko da an ajiye kan waya, idan kuma kira ya shigo, lantarkin da ke sa tarho ya yi ƙara yakan kai wajen bolt 90. Kafar makirufo kuwa an yi ta ne domin sigina mai rauni ƙwarai, wanda bai kai ko bolt ɗaya ba. Shi ya sa duk na'urar kirki da aka yi domin wannan aiki take da kafasita mai tare lantarkin layin, da ƙaramar taransifoma mai raba layin da kwamfuta, yadda sauti kaɗai zai tsallaka.

Ummu_Khadija:
A ofishin da nake aiki mun daɗe muna amfani da wani ƙaramin akwati mai kafa biyu ta layin tarho da igiyar USB guda ɗaya. Layi yana shiga ta kafa ɗaya ya fita ta ɗayar zuwa tarho, USB kuma ta tafi kwamfuta. Abin da ya fi burge ni da shi shi ne ba sai ka tuna ka danna komai ba, da zarar an ɗaga kan waya zai fara naɗa, ana ajiyewa ya tsaya, ya kuma rubuta rana da lokaci da tsawon kiran. Lambar mai kira ma yana nunawa, amma sai idan kamfanin layin yana aiko da ita. Sharaɗinsa ɗaya ne, dole kwamfutar ta kasance a kunne kuma manhajarsa a buɗe, in ba haka ba kiran ya wuce ke nan.

Injiniya_Sauti:
Abin da Malama Ummu_Khadija ta bayyana daidai ne, kuma yadda akwatin yake gane an ɗaga waya shi ne lantarkin layin yakan faɗo daga bolt 48 ɗin nan zuwa wajen bolt 10 ko ƙasa da haka. Sai dai ba zai kawar da matsalar da mai tambaya ya kawo ba gaba ɗaya. Layin gargajiya siraran wayoyin lantarki biyu ne kacal, kuma muryoyin biyu a cakuɗe suke tafiya a kansu. Taka muryar yanzu ta shiga layin da cikakken ƙarfinta, ta wancan kuwa ta yi doguwar tafiya ta raunana kafin ta iso. Saboda haka ko a kan layi aka tsinci sautin, na kusa yakan rinjayi na nesa, sai dai wasu akwatunan suna da tsarin daidaita ƙarfin sauti da kansu wanda yake rage tazarar.

Mai_Rediyo:
A nan ne na'urar da muke kira haibirid a ɗakin watsa shirye-shirye take shigowa. Aikinta shi ne ta san abin da kai ka aika cikin layi, ta cire shi daga abin da ke dawowa, ta bar maka muryar mai kira kusan ita kaɗai. Kai kuma sai ka yi magana ta makirufo mai kyau, a naɗi muryarka a ɓangaren hagu, ta baƙonka a ɓangaren dama. Kamfanoni irin su JK Audio da Telos sun shahara da ƙera ta. Ga wanda zai rubuta hira, raba muryoyin nan shi ne babban abin nema, domin idan kuka yi magana lokaci ɗaya, ko ka ce "na'am" a tsakiyar jimlarsa, sai ka rufe ɓangarenka ka ji abin da ya faɗa tsaf. Idan a cakuɗe aka naɗa, kalmar da muryarka ta danne ta tafi ke nan.

Matashi_Dijital:
Da girmamawa ga manya, ni ban ga dalilin sayen na'ura a wannan zamani ba. Tunda yana da wayar hannu, me zai hana ya sauke manhajar naɗar kira, in ya gama ya tura fayil ɗin zuwa kwamfuta?

Bint_Sulaiman:
Ɗan'uwa Matashi_Dijital, shawararka ta yi aiki a da, amma abubuwa sun canza. Tun watan Mayu na 2022 Google ya hana manhajojin da ke kasuwarsa ta Play Store amfani da hanyar da suka dogara da ita wajen naɗar kira, shi ya sa da yawa daga cikinsu yanzu muryar mai wayar kaɗai suke kamawa da kyau. Wasu wayoyin Android suna zuwa da maɓallin naɗa a cikin manhajar kira ta asali, amma samuwarsa ta danganta da kamfanin da ya ƙera wayar da kuma ƙasar da ake amfani da ita. Apple kuwa sai a iOS 18.1, wato manhajar da ke tafiyar da wayar iPhone, a watan Oktoba na 2024, ya shigo da naɗar kira, kuma wayar tana sanar da ɓangarorin biyu cewa an fara naɗa. Ko inda maɓallin yake, galibi kiran layi yake kamawa, ba ya kama kiran WhatsApp da makamantansa. Wanda aikinsa ya rataya a kan hirar awa guda ba zai so ya dogara da abin da sabunta manhaja zai iya ɗauke masa cikin dare ɗaya ba.

Matashi_Dijital:
Na gamsu da batun WhatsApp, Malama. Amma ina nan a kan cewa wanda wayarsa take da maɓallin asali, ya fara gwada shi kafin ya kashe kuɗi.

Dattijo_Bakanike:
Ku ba ni dama in tuna muku da hanyoyin da suka riga waɗannan. Akwai wani ɗan naɗin waya mai robar mannewa da ake liƙa shi a bayan kan tarho, daidai wurin kunne, yana tsintar maganaɗisun da ƙaramar lasifikar ciki take fitarwa. Ba ya taɓa layi ko kaɗan, don haka babu fargabar lantarki, amma yana kwasar gurnanin duk wani abin lantarki da ke kusa, kuma a wayoyin zamani ba ya kamawa sosai. Akwai kuma modem mai murya da ake sakawa a kwamfuta, wanda mutane suka riƙa mayar da shi na'urar amsa kira. Wanda ya gaje su a zamanin nan, a ganina, shi ne ɗan makirufon da ake sakawa a kunne, irin Olympus TP-8. Za ka cusa shi a kunnenka, ka ɗora waya a kansa ka yi magana kamar yadda ka saba. Yana jin muryar wancan daga bakin wayar, yana kuma jin taka. Kyawunsa shi ne bai damu da irin wayar ba, ta girke ce ko ta hannu, kiran layi ne ko na intanet.

Abu_Hafsat:
Baba Dattijo, wannan na kunne ya ja hankalina saboda sauƙinsa. Shin kai tsaye zan soka shi a kwamfuta?

Dattijo_Bakanike:
Ya danganta da kafar kwamfutarka, ɗana. Filoginsa na milimita 3.5 ne, an yi shi domin kafar makirufo zalla. Kwamfutocin cinya na yanzu kuwa kafa ɗaya suke da ita wadda ta haɗa makirufo da abin sauraro, mai karɓar filogi mai gaɓa huɗu. Idan ka soka shi a nan, kwamfutar za ta ɗauka abin sauraro ne ta ƙi jin komai. Sai ka nemi 'yar igiyar da take raba kafar gida biyu, ko ƙaramin katin sauti na USB mai kafar makirufo daban. Ka kuma sani cewa hannunka zai riƙe waya a kunne tsawon hirar, kuma duk lokacin da wayar ta goga a kunnenka za a ji shi a cikin naɗin.

Lauya_Mai_Nazari:
Ina neman afuwa zan ɗan karkatar da zancen, domin har yanzu ba wanda ya taɓo izini. Dokokin ƙasashe sun sha bamban a kan wannan. A Amurka dokar tarayya ta wadatu da yardar mutum ɗaya daga cikin masu maganar, amma jihohi irin su Kalifoniya suna buƙatar yardar kowa da kowa. A Jamus naɗar maganar da mutum ya yi ba a bainar jama'a ba, ba tare da izininsa ba, laifi ne da kundin hukunta laifuka ya tanadar wa hukunci. A Tarayyar Turai kuma, tun 2018 dokar kare bayanai ta GDPR ta ɗora wa mai ajiye muryar mutane nauyin bayyana dalilinsa da kuma kiyaye abin da ya ajiye. Idan kira ya tsallaka iyaka, kana iya kasancewa ƙarƙashin dokar da ba ta wurin da kake zaune ba. Shawarata ga Malam Abu_Hafsat ita ce ya nemi izini kafin ya danna naɗa, sannan bayan ya danna ya sake tambaya, domin amsar mutumin ta shiga cikin fayil ɗin da muryarsa.

Sadauki_99:
Barista, to wanda ake yi wa barazana ta waya fa, ko wanda ake neman a damfara? Shi ma sai ya nemi izinin mai yi masa barazanar kafin ya naɗa?

Lauya_Mai_Nazari:
Tambayarka tana da nauyi, kuma dokoki da dama sun yi wa irin wannan hali tanadi na daban, amma tanadin ba iri ɗaya ba ne a ko'ina, don haka wanda ya sami kansa a ciki ya nemi lauya ko hukumar tsaro ta inda yake. Abin da ke gabanmu a nan hira ce da mutum ya amince ya ba da lokacinsa, kuma a irin wannan babu wani uzuri na ɓoye masa.

Ummu_Khadija:
Ina goyon bayan Barista, kuma zan ƙara da cewa na'urar da take naɗa da kanta, irin wadda na ambata a baya, ta fi kowacce buƙatar hattara. Ba ta bambanta kiran aiki da kiran da abokin aiki ya ɗaga ya gaisa da iyalinsa. Mu sai da muka liƙa takarda a jikin tarhon, aka kuma taƙaita waɗanda za su iya buɗe fayilolin. Haka nan duk inda ake karɓar bayanin katin banki ta waya, ƙa'idar masu katin ta hana a ajiye lambar tsaro ta bayan kati ko da a cikin naɗin murya ne, dole a dakatar da naɗa a daidai wurin.

Abu_Hafsat:
Na gode, Barista da Malama. Ina neman izini a kowace hira, amma ban taɓa tunanin sa amsar ta shiga cikin naɗin ba, zan fara. Na kuma duba bayan tarhon ofis kamar yadda bayanin Injiniya ya sa ni yi. Filoginsa ba ƙaramin nan ba ne na layin gargajiya, mai faɗi ne irin na intanet, kuma igiyar ta tafi akwatin da kwamfutocinmu suke haɗe da shi.

Mai_Kula_Da_Sadarwa:
To, wannan ya canza lissafi. Tarhonka na intanet ne, muryarka tana fita ne a matsayin ƙunshin bayanai, saboda haka akwatin Malama Ummu_Khadija da haibirid ɗin layin gargajiya duk ba za su ji komai a wannan igiyar ba. A irin wannan tsari ana naɗa ne ta hanyoyi biyu. Ko dai na'urar rarraba kira ta ofis ta naɗa da kanta, kamar yadda manhajar rarraba kira ta Asterisk take yi, ko kuma a umarci akwatin rarraba intanet ya kwafi duk abin da ya bi ta kafar tarhonka ya aika wa wata kwamfuta, inda manhaja irin Wireshark za ta iya haɗa ƙunshin ta mayar da shi murya. Daɗin abin shi ne kowane ɓangare da nasa zaren yake tafiya, don haka rabuwar muryoyin da Mai_Rediyo yake nema kyauta take zuwa. Amma idan an kulle kiran da lambobin sirri, kwafin ba zai amfane ka ba. Kuma wannan ba aikin da za ka yi a ɓoye ba ne, sai da sanin mai kula da sadarwar ofishinku.

Injiniya_Sauti:
Idan mai kula da sadarwar bai amince ba, wuri na biyu da na ambata tun farko yana nan. A murɗaɗɗiyar igiyar kan waya, sautin ya riga ya koma na lantarki zalla, ko wane irin tsari tarhon yake bi. Wayoyi huɗu ne a cikinta, biyu na makirufo, biyu na kunne. Ana zare ta, a sa ƙaramar na'ura a tsakani, daga na'urar kuma igiya ta tafi kwamfuta. Abu biyu za a lura da su. Kamfanoni ba su haɗu a kan jeri ɗaya na wayoyin nan huɗu ba, shi ya sa na'urori da yawa suke zuwa da maɓallin zaɓi, sai an jujjuya an dace. Sannan idan ka danna lasifika ka ajiye kan wayar, babu abin da zai bi ta igiyar, naɗin zai fito shiru.

Mai_Rediyo:
Ni kuwa da zan ba shi shawara, da na ce ya bar tarhon ofis ya koma wayar hannu da ƙaramar miksa, wato na'urar haɗa sauti. Irin su RØDECaster Pro da Zoom PodTrak P4 suna da kafar haɗa wayar hannu, kuma suna cire muryar baƙo daga abin da suke mayar masa, don kada ya riƙa jin amsa-kuwwar kansa, abin da yakan rikita mai magana har ya riƙa sarƙewa. Suna shiga kwamfuta ta USB, suna kuma iya ajiye kwafi a katin ƙwaƙwalwa, wanda yake ceton mutum ranar da kwamfuta ta tsaya a tsakiyar hira. Kiran layi ne ko na WhatsApp, duk ɗaya ne a wurinsu. Inda aka sami zaɓi tsakanin igiya da Bluetooth, na fi natsuwa da igiya.

Bint_Sulaiman:
Akwai abin da nake so a faɗa wa mai tambaya kada ya sa rai da abin da ba zai samu ba. Kiran tarho na gargajiya yana wuce da sauti ne tsakanin haz 300 zuwa 3400 kawai (haz shi ne ma'aunin yawan girgiza a daƙiƙa), shi ya sa "s" da "f" suke kama da juna a waya, kuma babu na'urar da za ta dawo da abin da layi ya yanke. Kiran intanet da kiran wayar hannu na zamani sukan fi haka faɗi idan ɓangarorin biyu suna da tsarin. Batun wurin ajiya kuwa ba abin damuwa ba ne. Idan kwamfuta tana ɗaukar samfurin sauti sau 8000 a daƙiƙa, kowanne bit 16, awa guda ba ta wuce kimanin megabait 58 a ɓangare ɗaya. Saboda haka ya naɗa a WAV, tsarin fayil da ba ya matse sauti, da manhaja irin Audacity, ya ajiye na asali, in zai tura wa wani ya matse kwafi zuwa MP3.

Sadauki_99:
Na taɓa haɗa na'urar igiyar kan waya, amma wani gurnani mai kauri ya cika naɗin daga farko har ƙarshe. Me ke jawo shi?

Injiniya_Sauti:
Mafi yawan lokaci gurnanin wutar gida ne, mai haz 50 ko 60 gwargwadon ƙasar da kake, yana shigowa ne idan tarho da kwamfuta kowanne yana jone da wuta sannan igiyar sauti ta haɗa su. Gwajin mai sauƙi ne: zare cajar kwamfutar ta koma kan batir. Idan gurnanin ya ɗauke, to na'urarka ba ta da taransifomar rabewa, sai ka ƙara ta a tsakani. Idan kuwa ƙara ce mai tsittsinkewa da take zuwa ta tafi, wayar hannu ce a kusa da igiyar, musamman idan tana kan tsohon tsarin GSM, wanda yake aika sigina kashi-kashi sau 217 a daƙiƙa. Nisanta ta daga igiyar yakan wadatar.

Abu_Hafsat:
Allah ya saka wa kowa da alheri. Na yi magana da mai kula da sadarwarmu, ya ce kiranmu yana bi ne ta wani kamfani na waje kuma a kulle yake, don haka hanyar kwafi ta rufe. Yanzu zaɓina ya rage tsakanin na'urar igiyar kan waya da miksar da Mai_Rediyo ya ambata. Ina son mutane su ga lambar ofis idan na kira su, domin sun fi sakin jiki da ita, wannan ya sa na fi karkata ga ta farko. Abin da ban gane ba shi ne ko za ta raba min muryoyin hagu da dama.

Injiniya_Sauti:
Masu sauƙin ciki ba sa rabawa. Wayoyin kunne kawai suke tsinta, su dogara da 'yar muryarka da tarho yake mayar maka a kunne, kuma a wasu tarhunan wannan muryar tana da rauni har ka koma kai ne ba a ji sosai. Akwai masu tsintar ɓangarorin biyu, wasu su cakuɗa, wasu su fitar da su daban, don haka ka karanta bayanin na'urar da kyau kafin ka saya.

Mai_Rediyo:
Akwai hanya ta tsakiya. Ya bar na'urar igiyar ta kawo muryar baƙo a ɓangare ɗaya, shi kuma ya kafa makirufo a gabansa a ɗaya ɓangaren, duka su shiga katin sauti na USB mai kafa biyu. Muryarsa za ta ɗan leƙa ɓangaren baƙon, amma ba za ta danne shi ba.

Mai_Kula_Da_Sadarwa:
Kafin a sayi komai, Malam Abu_Hafsat, ka sake komawa wurin mai kula da sadarwarku da tambaya ɗaya. Kamfanonin da suke ba da layin intanet da yawa suna da naɗar kira a cikin tsarinsu, sai dai a kunna wa lambar da ta nema, wasu kuma suna ba da manhajar da za ka amsa lambar ofis ɗin a kwamfuta kai tsaye. Idan naku yana da ɗaya daga cikin biyun, ka tambaye shi a ina ake ajiye fayilolin, wa yake iya saurarensu, kuma ko suna fitowa da muryoyin a rabe.